Me ya sa makaɗan Berlin suka zaɓi madugun da jama'a ba su san shi ba?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka fi ni sanin kiɗan gargajiyar Turai. Kwanakin baya na kalli wani wasa na babbar ƙungiyar makaɗan birnin Berlin, wato Berliner Philharmoniker, kuma na ga wani mutum mai matsakaicin jiki yana tsaye a gabansu da siririyar sanda, yana jagorantar mutane kusan ɗari, wato shi ne madugunsu. Da na bincika sai na tarar sunansa Kirill Petrenko, kuma an ce lokacin da aka bayyana zaɓensa a shekarar 2015, mutane da dama, har da masu sayen faya-fayan irin wannan kiɗa, sun yi ta tambayar ko wane ne shi, wasu ma suka ɗauka wani Petrenko ne daban, wanda yake aiki a Liverpool a lokacin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan kujera ita ce wadda Herbert von Karajan ya zauna a kanta sama da shekara 30, kuma ana lissafa ta cikin manyan muƙamai na wannan sana'a a duniya baki ɗaya. A iya fahimtata, idan babban gida ya rasa shugaba, wanda sunansa ya riga ya zagaye duniya ake nema, domin sunan shi ne yake jawo masu kallo da masu ba da tallafi. To yaya aka yi aka tsallake mashahuran da ake ta ambata a jaridu, aka ɗauko wanda ba ya ko hira da 'yan jarida? Wane ne yake yanke irin wannan hukunci, gwamnati ce ko kwamitin amintattu? Sannan ina so in san ko wannan abu ya saba faruwa, ko kuwa sau ɗaya ne aka yi gangancin kuma aka dace. Na gode.

Baƙon Spree:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Birni. Na shekara da yawa ina zaune a Jamus, kuma ina Berlin lokacin da aka yi wannan zaɓe, saboda haka zan faɗi abin da na sani gwargwadon iko.

Amsar tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko. A Berlin makaɗan da kansu ne suke zaɓen madugunsu ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce, ba minista ba ne kuma ba attajirai masu ba da gudummawa ba ne. Wannan ɗabi'a ta samo asali tun daga kafuwar ƙungiyar a 1882, lokacin da makaɗa kimanin 50 suka yi wa ubangidansu Benjamin Bilse tawaye saboda rashin gamsuwa da yadda yake tafiyar da su, suka ɓalle suka kafa tasu. Tun daga nan suke kallon kansu a matsayin masu gida, madugu kuwa baƙo ne mai daraja da suka gayyato. Hatta sabon makaɗi ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya yi zaman gwaji kuma sauran sun kaɗa masa ƙuri'a, kuma a kan irin wannan batu ne suka yi mummunan saɓani da Karajan kansa a farkon shekarun 1980, game da wata mai busa sarewar kilarinet, Sabine Meyer, wadda shi yake so su kuma suka ƙi amincewa da ita. Mutanen da suka iya ja da Karajan ba za su zaɓi shugaba don farin jinin jarida ba.

Simon Rattle, madugun da yake kan kujerar a lokacin, ya sanar tun a watan Janairun 2013 cewa zai sauka a 2018. Ranar 11 ga Mayu, 2015, makaɗan, su sama da 120, suka kulle kansu a wani coci da ke unguwar Dahlem, wanda sun daɗe suna naɗar faya-fayai a cikinsa saboda kyawun amonsa. 'Yan jarida suka yi cincirindo a waje tun da hantsi, suna jiran a fito da suna kamar masu jiran sanarwar masu zaɓen sarki. Sunayen da suke yawo a bakin jama'a su ne Christian Thielemann da Andris Nelsons da Gustavo Dudamel da Daniel Barenboim da Mariss Jansons da Riccardo Chailly. Aka shafe sama da awa 11, dare ya yi, sannan wakilansu suka fito suka ce ba a cimma matsaya ba. Bayan mako shida suka sake haɗuwa ba tare da an yi shela ba, ranar 22 ga Yuni aka sanar da Petrenko.

Yanzu sai mu zo kan maganar cewa ba a san shi ba. Gaskiya ne ga mai sayen faifai, domin abin da ya naɗa kaɗan ne ƙwarai, mafi shahara a ciki shi ne kiɗan wani mawallafi ɗan ƙasar Cek mai suna Josef Suk, wanda shi ma ba kowa ya damu da shi ba. Ya kuma daina ba da hira ga jaridu tun da daɗewa. Amma a cikin sana'ar, musamman a gidajen opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da rakiyar makaɗa, sunansa ya riga ya yi nauyi. An haife shi a 1972 a Omsk, can cikin Saiberiya, mahaifinsa mai goge ne, kuma iyalin sun ƙaura zuwa Ostiriya yana ɗan shekara 18. Ya yi karatu a Biyana, ya fara aiki a gidan opera na Volksoper, sannan daga 1999 zuwa 2002 ya shugabanci kiɗa a Meiningen, wani ƙaramin gari mai tsohon tarihi a wannan fanni, domin Hans von Bülow, wanda daga baya ya gina martabar makaɗan Berlin, ya taɓa jagorantar makaɗan garin. A Meiningen ɗin ne, a 2001, Petrenko ya jagoranci jerin opera huɗu na Richard Wagner da ake kira Ring a darare huɗu a jere, aikin da jimillarsa ta kai kimanin awa 15, kuma manyan gidaje ma sukan bar ranakun hutu a tsakani. Daga nan ya riƙe Komische Oper a cikin Berlin ɗin kanta daga 2002 zuwa 2007, ya karɓi gidan opera na jihar Bavariya da ke Munich a 2013, kuma a shekarar ce ya jagoranci Ring a bikin Bayreuth, inda 'yan kallo suka yi wa mai tsara wasan ihu amma suka yi wa madugun tafi kamar ginin zai rushe.

Sau uku kacal ya taɓa tsayawa gaban makaɗan Berlin kafin zaɓen, a 2006 da 2009 da 2012, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Sai dai wanda bai taɓa ganin yadda ake bita ba ba zai gane yawan abin da makaɗi yake ganowa cikin kwana uku ba. Na taɓa samun damar zama a bitar wata ƙungiya a wani gari da ba sai na ambata ba, inda wani baƙon madugu ya tsayar da kiɗa ya shiga dogon bayani kan rayuwar mawallafin. Ina kallon masu goge na layin baya, ɗaya ta ajiye bakan gogenta a cinya tana duban agogon bango, wani kuma yana juya fensir a tsakanin yatsunsa, bai rubuta ko ɗigo a takardarsa ba. Da aka koma kiɗan, sai ya fito daidai yadda yake kafin jawabin. Makaɗa suna auna madugu ne da abubuwan da ɗan kallo ba ya gani: ko kunnensa ya kama wanda ya kauce a cikin mutum tamanin, ko hannunsa yana faɗin abin da yake so ba sai ya buɗe baki ba, ko ya san littafin kiɗan fiye da su, ko kuma yana ɓata musu lokaci. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a 2015 su ne suka zauna a gabansa lokacin da ya jagoranci simfoni, wato dogon kiɗa na dukan ƙungiya, na biyu na Elgar a 2009 da kiɗan Skriyabin a 2012, saboda haka ba labari aka ba su ba. A ganina jama'a ne ba su san shi ba, su kuwa sun san abin da suka saya.

Wani ɗan tsokaci a gefe: na ji daɗi da ka ce madugu, domin da ka ari kalmar Turawa kai tsaye da mun koma maganar kwandastan mota.

Dattijon Zaure:

Malam Baƙon Spree ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ya ɗan yi wa labarin kwalliya, kuma ya kamata mai tambaya ya ji ɗaya ɓangaren.

Idan da makaɗan sun gamsu da Petrenko tun farko kamar yadda bayanin yake nunawa, da ba su kwashe awa 11 a cocin nan suka fito hannu rabbana ba. Abin da jaridun Jamus suka yi ta ruwaitowa a lokacin shi ne ƙungiyar ta rabu gida biyu, masu son Thielemann, wanda yake wakiltar tsohon salon Jamus mai kauri da nauyi, da waɗanda ba sa son sa ko kaɗan, akasarinsu suna karkata ga Nelsons. Ba a taɓa bayyana adadin ƙuri'un ba, amma duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san yadda ake fita daga irin wannan turka-turka: idan giwaye biyu suka kasa ka da juna, sai a nemo na uku wanda babu wanda yake ƙinsa. Wannan ba aibi ba ne ga Petrenko, sai dai yana nufin rashin shahararsa ta taimaka masa, domin wanda bai yi magana a jarida ba bai tara abokan gaba ba. Kada kuma a manta cewa a watan Disambar 2014 ya janye daga wasan da aka shirya zai yi da su ana dab da farawa, abin da ya sa masu sharhi da yawa suka cire shi daga lissafi.

Game da ko irin wannan zaɓe yakan yi kyau kullum, tarihi ya nuna ba haka ba ne, kuma misalin da nake so a duba shi ne na John Barbirolli. A 1936 Arturo Toscanini ya bar makaɗan New York Philharmonic. An fara miƙa wa Wilhelm Furtwängler kujerar, amma hayaniyar da ta tashi a Amurka saboda zamansa a Jamus ƙarƙashin mulkin Nazi ta sa ya janye. Sai aka ɗauko Barbirolli, Baturen Ingila ɗan shekara 36 da yake jagorantar wata ƙungiya a Sikotland, wanda kusan babu wanda ya san shi a New York. Makaɗan sun karɓe shi hannu bibbiyu, an kuma ba shi kwantiragi, amma shekara guda bayan haka Toscanini ya dawo birnin da sabuwar ƙungiyar da gidan rediyon NBC ya kafa masa, ya zama kowane mako ana gwada saurayin da dattijon da ake ɗauka babu kamarsa. Manyan masu sharhi na jaridun birnin, irin su Olin Downes da Virgil Thomson, suka sa shi a gaba. A 1943 ya koma Ingila ya karɓi ƙungiyar Hallé ta Manchester, wadda yaƙin duniya na biyu ya ɗaiɗaita, ya sake gina ta kusan daga tushe, ya zauna tare da ita har rasuwarsa a 1970, kuma a can ne duniya ta yarda babban madugu ne. Gwanintarsa ba ta canza tsakanin New York da Manchester ba. Abin da ya canza shi ne inuwar wanda ya gada da kuma haƙurin mutanen gari.

Saboda haka ba na jin amincewar makaɗa ita kaɗai ta isa. Madugun babbar ƙungiya, musamman a Amurka inda kuɗin gwamnati bai taka kara ya karya ba, dole ne ya ci abinci da masu ba da tallafi, ya yi magana da jarida, fuskarsa ta hau allunan talla. Berlin ta iya ɗaukar mutum mai gudun jama'a ne saboda tana samun tallafin hukuma, kuma sunan ƙungiyar da kansa yana cika zaure ko wane ne ya riƙe sanda. Ƙungiyar da ba ta da wannan gata za ta yi tunani sau biyu.

Malama Mai Alli:

Ina neman izinin Baba Dattijo in ƙara wani misali da yake tsakanin ra'ayoyin biyu, domin akwai birnin da ya mayar da wannan ganganci al'ada, wato Birmingham ta Ingila. Ƙungiyarsu ba ta kai ta Berlin kuɗi ko suna ba, don haka ba za ta iya gogayya wajen sayen mashahurai ba, sai ta koma farautar matasa tun kafin farashinsu ya tashi. A 1980 ta ɗauki Simon Rattle yana ɗan shekara 25, ya zauna shekara 18, kuma a zamaninsa ne birnin ya gina sabon zauren kiɗa da aka buɗe a 1991. Bayansa aka ɗauko Sakari Oramo daga Finland, sannan a 2007 aka sanar da Andris Nelsons ɗan Latbiya, wanda a lokacin bai taɓa jagorantar su a gaban jama'a masu sayen tikiti ba, abin da ya haɗa su shi ne wani wasa na keɓe da aikin naɗar faifai. A 2016 kuma suka zaɓi Mirga Gražinytė-Tyla 'yar Lituweniya tana da shekara 29, 'yan watanni bayan haɗuwarsu ta farko, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin.

Abin lura a nan shi ne biyu daga cikin sunayen da aka ambata a sama a matsayin manya, Rattle da ya sauka daga kujerar Berlin da Nelsons da aka yi ta hasashen zai hau, dukansu baƙin fuska ne ranar da Birmingham ta ɗauke su. Haka Dudamel, wanda Los Angeles ta sanar da naɗinsa a 2007 yana ɗan shekara 26, shekara uku bayan ya ci gasar madugai a Bamberg. Ita kanta Berlin ta taɓa yin haka bisa tilas: a watan Agustan 1945 wani sojan Amurka mai gadin shingen bincike ya harbe madugunta Leo Borchard bisa kuskure, tsohon madugunta Furtwängler kuma ba a wanke shi daga zargin alaƙa da Nazi ba tukuna, sai aka miƙa sandar ga wani ɗalibi ɗan Romaniya, Sergiu Celibidache, wanda ƙwarewarsa a gaban manyan makaɗa ba ta da yawa, ya riƙe su shekaru da dama.

Inda na yarda da Baba Dattijo shi ne ribar ba ta zuwa kyauta. Birmingham takan yi renon madugu ne wasu su ɗauke, kamar yadda Boston ta ɗauke Nelsons, sai a koma neman wani daga farko.

Ɗan Birni:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai, musamman da labarin Barbirolli wanda ban taɓa ji ba. Saura abu ɗaya, Malam Baƙon Spree. Tunda an zaɓe shi a 2015, me ya sa na ga an rubuta cewa ya kama aiki a 2019, kuma shin hawansa kujerar ya sa ya sauya halinsa na gudun jarida, kamar yadda Baba Dattijo ya nuna muƙamin yana bukata?

Baƙon Spree:

Jinkirin ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, domin ana tsara jadawalin manyan madugai shekara uku zuwa biyar kafin lokaci. Rattle bai sauka ba sai 2018, shi kuma Petrenko yana da alkawari da Munich wanda bai yarda ya karya ba, saboda haka makaɗan suka yi kakar wasa guda cur babu madugu na dindindin, suna aiki da baƙi. Ya kama aiki ne a watan Agustan 2019 da simfoni na tara na Beethoven, daren farko a zaurensu na Philharmonie, washegari kuma a fili a gaban Ƙofar Brandenburg, inda dubban mutane suka tsaya suka saurara kyauta. Bayan wata bakwai annobar korona ta rufe zaurukan kiɗa, kuma wasan da suka saba yi kowace ranar 1 ga Mayu ya jagorance shi a 2020 da 'yan tsirarun makaɗa da suka zauna nesa da juna, babu ko mutum ɗaya a kujerun 'yan kallo.

Halinsa kuwa bai sauya sosai ba. Yakan halarci taron manema labarai na sanar da shirin shekara, kuma yakan zauna hira a dandalin ƙungiyar na intanet da ake kira Digital Concert Hall, amma a can ɗaya daga cikin makaɗansa ne yake yi masa tambayoyin. Na yarda da Baba Dattijo cewa ba kowace ƙungiya ce za ta iya jure wannan ba, kuma ban musa cewa rabuwar kan da aka samu a watan Mayu ta buɗe masa ƙofa ba. Ya kuma ci gaba da sanya kiɗan mawallafan da aka manta da su a cikin shirinsa, irin su Suk da Rudi Stephan da Karl Amadeus Hartmann, tare da su Beethoven da Brahms da Caikofski da kowa yake jira.

Idan Allah ya kawo ka Berlin, ka nemi kujera a bayan makaɗa. Hans Scharoun, wanda ya zana zauren da aka buɗe a 1963, ya sanya dandamalin a tsakiya ne 'yan kallo suna kewaye da shi, don haka daga can fuskar madugu kake kallo maimakon bayansa. Na zauna a wurin sau biyu. Idan ana so sauti ya yi ƙasa, yakan durƙusa har sai kansa ya kusa daidai da teburan takardun masu goge, ya ɗora yatsa a leɓe, kuma kafin masu ƙaho su shigo yakan ɗaga musu gira tun da sauran daƙiƙa biyu, yana murmushi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Tikitin wannan ɓangare yana cikin masu sauƙin kuɗi, amma yakan ƙare da wuri, saboda haka sai ka saya tun ranar da aka buɗe sayarwa.